Sabon Sauro Ya Sauka A Nima: Abin Da Masu Bincike Suka Gano Game Da Zazzaɓi



Duk wanda ya ratsa Kasuwar Makola da hantsi, ya bi ta wurin masu sayar da kayan roba, zai ga gangunan ruwa an jibge su tsibi-tsibi, shuɗi da baƙi, ga manyan bahuna, ga kuma jarkokin nan masu ruwan ɗorawa waɗanda mutanen Ankara suka laƙaba wa sunan tsohon shugaban ƙasa Kufuor. Da wuya a sami gidan Zango da babu irin waɗannan kaya, domin famfon Nima da Maamobi ba kullum yake kawo ruwa ba, kuma ranar da ya kawo sai kowa ya cika duk abin da yake da shi. Mai saye yakan ƙwanƙwasa ganga ya ji kaurinta, ya taya, ya biya, ya kira 'yar kaya ta ɗauka masa zuwa tashar mota. Abin da ba kasafai yake kula da shi ba shi ne murfi. In an ba shi ya karɓa, in kuwa ya ɓace bayan wata biyu sai a ɗora faifai ko guntun katako, ko a bar bakin gangar a sake. To, a kan wannan murfi muke so mu ja hankalin jama'a, saboda wani abu da masana suka gano a cikin unguwarmu.

Baƙon da aka gano

A shekarar 2022, wata tawagar masu bincike ta Jami'ar Gana, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Yaw Afrane, ta riƙa bin unguwannin Ankara tana ɗibar tsutsotsin sauro daga duk inda ruwa ya kwanta. Suka rene su har suka zama sauro, sannan suka binciki ƙwayoyin halittarsu. A cikin abin da suka tara sai aka sami guda huɗu waɗanda ba irin sauron ƙasar nan ba ne, sun fito daga Tuba da Dansoman da Nima. Wuraren da aka ɗebo su sun haɗa da rijiyar lambu, da magudanar ruwa, da tsohuwar tayar mota. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Gana ta sanar da jama'a cewa wannan sauro ya shigo ƙasa. Masana suna kiransa Anopheles stephensi.

Mai karatu zai iya cewa, sauro huɗu kacal ne za a tayar wa mutane da hankali a kansu? Tambayar tana kan hanya, kuma ba mu ce ya mamaye gari ba. Amma labarin ƙasar Jibuti ya isa ya sa a yi hattara. Asalin wannan sauro na ƙasashen Indiya da Pakistan da Iran da yankin Larabawa ne, kuma a can shi ne sauron zazzaɓi na birane. A shekarar 2012 aka fara ganinsa a nahiyar Afirka, a Jibuti, ƙasar da a wannan shekara mutum 27 kawai aka rubuta sun kamu da zazzaɓin cizon sauro, har ana shirin cewa an rabu da cutar. Zuwa shekarar 2020 adadin ya haura 73,000. Daga nan aka gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a jihar Gombe ta Nijeriya a 2020, a Kenya a 2022. A birnin Dire Dawa na Habasha, a 2022, zazzaɓi ya ɓarke a tsakiyar rani, lokacin da ba a saba ganinsa ba, kuma bincike ya ɗora alhakin a kan wannan baƙo. Masana suna ganin jiragen ruwa da motocin fatauci ne ke yawo da shi daga gari zuwa gari. Wani nazari na 2020 ya ƙiyasta cewa in ya bazu a biranen Afirka, ƙarin mutum miliyan 126 za su shiga haɗari.

Abin da ya bambanta shi da sauron da muka sani shi ne wurin haihuwarsa. Sauron zazzaɓi na ƙasarmu ɗan damina ne, yana son kududdufi da sawun tayar mota da ruwan sama ya cika, shi ya sa ƙauye ya fi birni shan wahalarsa, kuma in rani ya yi yakan ragu. Shi kuwa baƙon ba ya jiran damina. Tanki da ganga da randa da rijiyar siminti da kwatarniyar magina, duk gidajensa ne, muddin a buɗe suke. Bugu da ƙari, ya jure yawancin magungunan feshi da ake amfani da su, yana cizon dabba yana cizon mutum, kuma a Habasha an fi samunsa yana hutawa a rumfunan dabbobi. Wannan ya shafe mu, mu da muke ɗaure raguna a tsakar gida tun watanni kafin Babbar Salla.

Ruwa mai tsarki

Mu da muka tashi a zauren karatu, cikin darussan farko da iyayenmu suka biya mana a Ishmawi akwai babin rabe-raben ruwa. Mun haddace cewa ana duba abu uku: launi da ɗanɗano da ƙanshi. In babu wanda ya jirkita a cikinsu, ruwa mai tsarki ne mai tsarkakewa, a yi alwala da shi, a yi wanka. Wannan hukunci daidai ne, babu mai ja da shi. Sai dai ya kamata mu lura cewa tambayar da malaman fiƙihu suka amsa ita ce ko salla ta inganta. Ba su ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba ya raya sauro ba. Hasali ma, irin wannan ruwa garai-garai, wanda liman zai leƙa ya ce babu laifi, shi ne wanda sabon sauron ya fi so.

A nan ne yawancinmu muka yi kuskure shekara da shekaru. In an ce sauro, sai kowa ya nuna babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, ya zagi hukuma, ya koma gida ya kwanta kusa da gangarsa mai buɗaɗɗen baki. Kwatar abin kunya ce, kuma ba mu wanke kowa daga alhakinta ba. Amma mafi yawan sauron da take haifarwa, mai kukan nan a kunne, wani jinsi ne daban da ake kira Culex, yana hana barci amma ba ya ɗaukar ƙwayar zazzaɓin maleriya. Gaskiya ne bincike a Ankara ya nuna cewa sauron zazzaɓi na gida ma ya fara sabawa da ruwa mai dauɗa, don haka gyaran kwata bai faɗi ba. Abin da muke cewa shi ne, akwai wani ɓangare na yaƙin wanda ba ya hannun ɗan majalisa ko injiniya, yana bayan ɗakin girki da gefen masallaci.

Bayan mun karanta labarin binciken nan, mun hau mun leƙa tankin alwala na wani masallaci da muke salla a cikinsa. Murfin ya tsage tun ba a san yaushe ba, an ɗora bulo a kai. Da muka haska fitila sai ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a saman ruwa. Ba mu da ilimin da za mu ce ga jinsinsu, amma ko wane iri ne, a cikin ruwan alwalarmu suke girma. Kuma ba maleriya kaɗai ba ce abin tsoro a nan. Sauron da ke ɗaukar zazzaɓin shawara da zazzaɓin dengi shi ma a cikin ganga da tsohuwar taya yake haihuwa. Shawara ta ɓarke a yankin Savannah a 2021, dengi kuma ya ɓulla a yankin Gabas a 2024. Ita ce shawarar da ta kashe Dokta Hideyo Noguchi, masanin nan ɗan Japan, a nan Ankara a 1928, wanda cibiyar bincike ta Legon take ɗauke da sunansa tun 1979.

Tsohuwar cuta

Sauron sabo ne a wurinmu, amma cutar da yake ɗauka ta girmi duk wani gari da muka sani, kuma binciken 'yan shekarun nan ya tono tarihinta ta hanyoyin da ba a zata ba. A 2010 wasu masana, ciki har da Farfesa Beatrice Hahn ta Amurka, suka binciki kashin manyan birai na daji kusan 3,000 da aka tsinto daga dazuzzukan tsakiyar Afirka. Suka gano cewa ƙwayar zazzaɓi mafi kisa, wadda ake kira falciparum, daga goggon biri ta tsallako zuwa ɗan Adam, ta bakin sauro. A wannan shekara dai, masu binciken kayan tarihi na Masar ƙarƙashin Zahi Hawass suka sami alamar wannan ƙwaya a cikin busasshiyar gawar Tutankhamun, matashin sarkin da ya mutu yana da kimanin shekara 19, fiye da shekara 3,300 da suka wuce. Zinariyar da aka binne shi da ita ba ta hana sauro cizonsa ba.

Ko a cikin jininmu cutar ta bar tambari. Wani nazari na 2018, wanda Farfesa Charles Rotimi ɗan asalin Nijeriya yake cikin marubutansa, ya ƙiyasta cewa ƙwayar gadon sikila ta samo asali kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Ta yaɗu ne saboda wanda ya gaje ta daga mahaifi ɗaya yakan tsira daga zazzaɓi mai tsanani, wanda kuwa ya gada daga iyaye biyu shi ne mai ciwon. Kimanin jarirai 2 cikin 100 a Gana da ciwon ake haihuwarsu, abin da ya sa gwajin jini kafin ɗaurin aure ba ƙaƙale ba ne.

Ɗalibin sira kuma zai tuna cewa lokacin da Muhajirai suka isa Madina, zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah Ya ƙara musu yarda, kuma Nana A'isha ta ambaci gurɓataccen ruwan da ke kwarin Buɗhan a wancan zamani. Masana tarihi da dama suna ganin maleriya ce. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar da idonsa a cikin jinin majiyyaci a Kusantina ta Aljeriya, sannan a 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukarta. Abin ƙarfafa zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Aljeriya ta rabu da cutar a 2019, Masar kuma a 2024.

Tazargade da ƙwayar asibiti

Daga wurin masu ganga a Makola, taku kaɗan ne zuwa Okaishie inda dilolin magani suke, kuma a nan ma akwai labari. Manya sun tuna zamanin kulorokwin, da ƙaiƙayinsa. Ƙwayar cutar ta saba da shi har ya daina aiki, shi ya sa a 2004 Gana ta sauya zuwa haɗin magunguna masu sinadarin atemisinin. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace wannan sinadari a farkon shekarun 1970 daga wani tsiro dangin tazargaden da masu maganin gargajiyarmu ke sayarwa, bayan ta bi tsofaffin littattafan likitancin ƙasarsu. An ba ta lambar Nobel a 2015.

Wasu sukan ji wannan su ce, ashe gara mu jiƙa tazargade mu sha. Muna girmama ilimin kakanni, kuma labarin wannan baiwar Allah shaida ne cewa akwai alheri a cikinsa. Amma jiƙo ba shi da ma'auni. Yakan raunana ƙwayar cutar bai kashe ta ba, wadda ta tsira kuwa sai ta ƙara taurin kai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin zazzaɓin da jiƙon ganyen ba. Daidai da wannan ne mai sayen magani ba tare da gwaji ba, ya sha kwana ɗaya, jiki ya yi sauƙi, ya ajiye sauran don wani yaron. Tuni an tabbatar a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya cewa ƙwayar ta fara jure atemisinin. In muka ɓata wannan magani kamar yadda kulorokwin ya ɓaci, 'ya'yanmu ne za su biya. Gwajin yatsa minti goma sha biyar ne zuwa ashirin, maganin kuma na kwana uku ne cur. Ga masu jego akwai albishir: a watan Yuli na 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby, maganin zazzaɓi na farko da aka auna musamman don jarirai masu nauyin kilo 2 zuwa ƙasa da 5.

Allurar da aka daɗe ana jira

Babban abin da aka samu a wannan zamani shi ne allurar rigakafi, kuma Gana tana da hannu a ciki tun daga tushe. An fara aikin ta farko, RTS,S, a 1987. Babban gwajinta na 2009 zuwa 2014 ya haɗa yara kimanin 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai, ciki har da yaran Kintampo da Agogo. A shekarar 2019 aka fara bayar da ita a wasu gundumomin Gana, tare da Malawi da Kenya. An zaɓi yankunan da zazzaɓin ya fi tsanani, don haka Ankara ba ta cikin zaɓin farko. Yara fiye da miliyan 2 suka samu a ƙasashen uku, kuma da aka yi lissafi sai aka ga mace-macen yaran da suka isa karɓarta ya ragu da 13 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba na 2021.

Ta biyu, R21, Jami'ar Oxford ce ta ƙirƙiro ta, aka gwada ta a Nanoro ta Burkina Faso ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, ana kuma sarrafa ta a Indiya. A watan Afrilu na 2023 Gana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ita. A 2024 ƙasashe suka yi ta shigar da rigakafin cikin alluran yara na yau da kullum: Kamaru a Janairu, Kwaddibuwa a Yuli, Nijar a Satumba, Nijeriya kuma ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba.

Wajibi ne mu faɗi iyakarta, don kada wani ya ce an ruɗe shi. Allurar tana tare ƙwayar cutar ne kafin ta shiga hanta, kuma ba ta tare duka. Takan rage kamuwa da kimanin rabi ko fiye a shekarar farko, ƙarfinta kuma yana raguwa, shi ya sa sau huɗu ake yin ta, ana farawa tun yaro yana wata shida a nan Gana. Ta huɗun, wadda ake yi bayan yaro ya fara tafiya, ita ce iyaye suka fi mantawa, domin a lokacin uwa ta daina zuwa awo. Yaron da aka yi wa allura yana iya yin zazzaɓi, don haka gidan sauro yana nan daram, kuma in jikinsa ya yi zafi asibiti za a nufa. Mu da muke da dangi a Bawku da Techiman da Kete-Krachi, muke kai yara hutu ko a bar su wurin kaka, sai a riƙa tafiya da katin awo, kuma uwa ta tambayi ma'aikaciyar jinya abin da ya rage wa ɗanta.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari da duk wata allura da ta fito daga waje, kuma ba za mu kira su jahilai ba. Amma mun ga abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Nijeriya na kusan shekara guda. Cutar ta bi matafiya ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Gana, har Yaman da Indunusiya. Wanda yake da shakka ya je ya tambayi likita Musulmi da ya amince da shi, ga su nan da yawa cikin 'ya'yan Zango, maimakon saƙon murya da ba a san mai shi ba. A shekarar 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin mutum 597,000 a duniya, kusan dukkansu a Afirka, kuma uku cikin huɗu na waɗannan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A asibitocin Gana kuwa, mace-macen da aka rubuta sun sauko daga 2,799 a 2012 zuwa 151 a 2022. Wannan nasarar ce sabon sauron zai iya warwarewa in ya sami wurin zama.

Daga Juma'a zuwa Juma'a

A irin zafin Ankara, ƙwan sauro yakan zama sauro mai tashi cikin kwana bakwai zuwa goma. Ma'ana, ganga ko baho ko randar da ake juyewa a goge cikinta sau ɗaya a mako ba za ta yaye sauro ba. Mu kuwa muna da ranar da ba ma mantawa. In kwamitin kowane masallaci ya ɗora wa matasa biyu duba tanki da butoci da kwatamin alwala kowace safiyar Juma'a, matan gida kuma suka yi haka da gangunansu, an rufe babbar ƙofa ba tare da an nemi ko sidi ɗaya daga gwamnati ba. Tankin da ba ya juyuwa a yi masa murfi mai kamawa, bututun iskarsa a ɗaure masa raga. Tayar da aka ɗora a kan rufin kwano don iska a huda ta ko a cika ta da yashi. Kwanon shan ruwan raguna da kaji a zubar a wanke. Magina kuma, waɗanda ke barin kwatarniyar ruwa wata da watanni a wurin gini, a yi musu magana da lalama.

Akwai waɗanda wannan duka bai isa ya kare su ba, su ne 'yan matan kaya da suka zo daga arewa, waɗanda ke ɗaukar mana gangunan nan a Makola. Da yawansu a bakin shaguna suke kwana, wasu da goyo, babu bango balle ƙusar rataya gidan sauro. Da dama cikinsu Musulmi ne, kuma ba su da dangi a gari sai mu. Ƙungiyoyin matanmu da ke tara kuɗin ankon biki suna iya ware wani abu don sabunta musu katin inshorar lafiya, kuma mai shagon da suke kwana a ƙofarsa ba zai rasa ƙusa huɗu da igiya ba.